Teburin mutum goma sha biyu a Lyon

Shekarun baya da ɗan dama, 'yata ta fari ta gama karatunta na jami'a a Lyon, a ƙasar Faransa. Ta kira ni a waya ina shagona a Sevran, a gefen Paris, ta ce bayan ta kare aikin bincikenta gaban malamai za a ɗan zauna a wani gidan abinci kusa da jami'ar. Irin wurin nan ne da ake cin abinci a gefe guda, masu shan giya suna tsaye a kanta a ɗaya gefen.

"Baba, na kama tebur na mutum goma sha biyu," in ji ta. "Malamaina za su zo. Don Allah a yi komai a tsanake, kada na ji kunya a gabansu."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

A lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon karatu na manya ba, kuma hannuna yana ƙaiƙayin rubutu. Na zauna na haɗa saƙon gayyata da kaina a waya, harafi bayan harafi, na tura wa wani abokina ɗan Maraɗi da ke Rillieux, kusa da Lyon. A tunanina goma sha biyu lissafin kujeru ne kawai. A gida wa ya taɓa ƙirga 'yan biki? Abokina kuwa ya karanta saƙon a masallaci bayan sallar Juma'a. Matata ta dafa dambu cike da babbar kula, na rungumo kular a jirgin ƙasa tun daga Paris.

Da muka iso da yamma ni da matata, sai na tarar da mutanenmu sun cika bakin titi, manyan riguna da mayafai, ana ta gaishe-gaishe. 'Yata ta fito tare da malamanta, ta dubi taron, ta dubi kular da ke hannuna, ta dube ni. Ta juya ta shige ciki. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Mai wurin wata Bafaranshiya ce, gajeriya, da tawul a kafaɗa. Ta ce mini a fili ba ta da wurin zaman wannan jama'a a ƙasa, kuma ba a shigo mata da abincin waje. Wani dattijon Alhaji ya leƙa ciki, ya ga kwalabe jere, ya ja da baya.

"Malam, nan ka kira mu?"

"Alhaji, ni ma kirana aka yi."

Na tsaya na yi wa matar bayani da guntun Faransancina. Na ce laifina ne, yarinyar ba ta sani ba, kuma ba zan iya cewa dattijo ya koma gida ba. Ta ce akwai ɗaki a sama da take ba masu taro, ba kowa a ciki yau, amma kowa sai ya sha wani abu. Alhaji da ya ji sama ba kwalabe, ya ce a kawo wa kowa shayi.

Saura dambu. Ta buɗe kular, tururi ya bugi fuskarta.

"Masu bikin ranar haihuwa ina barinsu su zo da kek," in ji ta. "Wannan shi ne kek ɗinku?"

Na ce shi ne.

Aka raba taro biyu, 'yata da malamanta a teburinsu a ƙasa, mu a sama. Na kasa cin komai. Can sai muka ji taku a matakala. Babban malaminta ne, wai hayaniyarmu ta fi tasu daɗi. Kafin ya gama gaisuwa wata Hajiya ta danƙa masa faranti, tana yi masa faɗa da Hausa cewa ya rame. Sauran suka biyo shi. 'Yata ce ta hau a ƙarshe. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, Turawan suka ajiye cokula har aka shafa.

Washegari ta raka mu tasha. Sai da jirgi ya kusa tashi ta yi magana.

"Baba, idan ƙanina ya gama nasa, kai ka kira mutanenka. Amma ni zan kama wurin, kuma ka gaya mini tun da wuri."

Yanzu na san a ƙasar nan kujera ma sai an yi mata sallama kafin a zo. Amma har yau in na tuna yarinyar nan tsaye a bakin matakala, tafin hannunta a buɗe tana karɓar addu'ar mutanen da ba ta ma san sunayensu ba, raina yakan yi sanyi. Ƙanin nata yana shekarar ƙarshe, na riga na faɗa mata mun kusa arba'in.