Fulogi Huɗu na Merle Hostetler

Ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2013, ƙarfe goma da minti arba'in na safe, Merle Hostetler ya fara shigowa kantinmu na kayan mota. Na san lokacin domin na rubuta. Shekara ashirin da shida ke nan ina bayan wannan kanta a garinmu na Ohio, kuma kowace tsohuwar mota ta gundumar nan tana da kati a akwatina: abin da aka sa mata, abin da aka cire, da ranar.

Ya shigo da hular 'yan tsere da safar hannu ta fata, alhali a tsohuwar a-kori-kura ya zo. Sai da ya tsiyayi gahawarmu ta kyauta sau biyu kafin ya ce sannu.

Merle dillalin inshora ne da ya yi ritaya. Bai taɓa riƙe sifana ba sai da surukinsa, tsoho Orville Kuhn, ya rasu ya bar wa 'yarsa Lurleen jar mota 'yar Ingila mai kujera biyu, ƙirar 1967. Cikin wata uku Merle ya zama gwani. Burinsa ɗaya ne: ya ci gasar tsofaffin motoci da ake yi kowane Yuni a filin baje-koli, inda alƙalai ke leƙa inji da ɗan madubi, suna rage maki kan duk ƙusar da ba ta asali ba.

"Akawu," in ji shi, "fulogi huɗu, dogaye, irin na littafin kamfani." Ya maka littafin a kan kanta.

Na zaro katin motar. "Gajeru za ka sa, Malam Merle. Orville ya canja kan injin nan a Oktoban 1981, kuma ramin fulogin sabon bai kai na asali zurfi ba. In ka sa dogo, bakinsa zai leƙa ciki, fistin ya taso ya same shi."

"In ji wa?"

"In ji katin. Rubutun wanda na gada ne a aikin nan."

"Au, kati ya fi injiniyoyin Ingila sani? Kai da ka tsufa kana ƙirga ƙusoshi!" Ya waiwayi matarsa a bakin ƙofa. "Kin ji, Lurleen? Wai in sa wa motar Baba fulogin injin yankan ciyawa."

"Da su dai Baba ya yi shekara talatin yana zuwa coci," in ji ta.

"Shi ya sa bai taɓa cin gasa ba."

Na ce ya cire ɗaya daga jikin motar ya auna. Ya ce ai tuni ya zubar da su, abin kunya ne a gan su. Na rubuta a katin: "An faɗa masa."

Da yake ba mu da na asali a kanti, ya yi tuƙin awa shida zuwa wata kasuwar tsofaffin kaya a Pennsylvania, ya samo dogayen cikin kwalinsu na asali. Ranar 21 ga Mayu ya kawo mini su, yana lallaɓa su kamar ƙwai. Na ajiye gajere kusa da ɗaya. Bambancin bai wuce ƙwayar masara ba, amma makaho ma zai ji shi da yatsa.

"Hassada ce ke damunka, Akawu," in ji shi.

Na sake rubutawa.

'Yan gasar nan ba sa tayar da mota in sun gama goge ta, kada hayaƙi ya ɓata salansa ko zafi ya dusashe fentin inji. Saboda haka Merle ya ɗaura fuloginsa bai gwada ba, ya kira maƙwabta suka tura motar kan tirela. Amma dokar gasa ta ce dole inji ya tashi a gaban alƙalai.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe ɗaya da minti ashirin, ina tsaye kusa da Lurleen. Babban alƙali ya gama leƙe-leƙensa, har ya gyaɗa kai da ya ga fulogin.

"Tayar mana da ita, ranka ya daɗe."

Merle ya gyara safar hannu, ya murɗa makulli. Muka ji kamar ana dukan tukunya da guduma, sau uku ko huɗu, sai shiru. Alƙali ya rufe takardarsa ya wuce ga mota ta gaba.

Lurleen ba ta dubi mijinta ba. Ta ce mini, "Katin nan yana nan?"

"Yana nan."

"Ka yi mini kwafi."

Da makaniki ya buɗe injin, sai ya tarar fistin biyu sun fashe. Ranar Litinin Merle ya zo yana tambayar me ya sa ban nace ba. Na juya masa katin ya karanta ranakun biyu da kansa. Ya tsiyayi gahawa ya fita.

A watan Satumba Lurleen ta sayar da motar ga wata malamar makaranta daga garin da ke gaba da mu. Malamar ta gyara injin, kuma duk bazara tana zuwa ta sayi gajeru huɗu. Merle kuwa, tun 2015 yana cikin alƙalan gasar. Shi ke riƙe madubi.