Mai Kifi a Kan Gada

Shekara shida na yi ina aikatau a Abhur, wata unguwar bakin teku a ƙasa mai tsarki, gidan wani tsohon Bature ɗan Ingila. Ba mata, ba ɗa, sai shi da hotunansa goma sha biyu jere a bangon falo. Ba na kyamara ba ne. Ya ce a jikin farantin tagulla ake karce su da allura, a shafa tawada, a danna kan takarda, tun kafin a haifi kakansa. Duk na yankinsu ne: coci, injin niƙa, tumaki a gindin tudu. Ni dai ban ga abin so ba, baƙi da fari kamar an zana da gawayi.

Akwai ɗaya da ya fi ƙauna, gadar ƙauyensu, da wani ɗan mutum kamar ƙwayar shinkafa yana kamun kifi a kanta. Da yanar ido ta rage masa gani, kullum sai ya manna hanci a gilashin hoton yana neman ɗan mutumin. Ranar da za a yi masa aikin ido ya ce da ni cikin Larabcinsa mai gargada, “Hajiya, in na dawo na ga mai kifin nan, to aiki ya yi.”

Damshin teku ya sa takardun sun yi ɗigo-ɗigo ja. Ni kuwa na tsani datti, ko uwata ta san haka. Yana asibiti na ce bari in yi masa bajinta. Na ɓalle firam ɗin hoton gadar, na zaro takardar, na tsoma tsumma a ruwan bilic na wanki, na goga, na kai saman soro na shanya kamar yadda muke wa littafin da ya jiƙa. Wayyo ni! Ɗigon ya fita, amma fatar takardar ta bi tsumma. Gada tana nan dishi-dishi, mai kifi babu shi. Na mayar da hoton bango.

Bayan an cire masa bandeji, direba ya kawo shi. Ko zama bai yi ba, ya nufi bango. Ya matsa, ya ja baya, ya goge gilashin da hannun riga. Ina tsaye a ƙofar kicin, maganar tana bakina. To amma ba ni da iƙama, takardar izinin zama, ga ’ya’ya uku a unguwarmu Nuzla. In ya fusata ya kira ’yan sanda fa?

“Halas, Hajiya,” ya ce. “Shi ke nan, idon ya tafi.”

Likita ya yi ta cewa aiki ya yi kyau, bai yarda ba. Ya daina ɗiga magani, ya daina komawa asibiti, ya daina shiga falon ma. Wata huɗu ina kai masa shayi ɗaki, yana yi mini godiya. Har ’yar ƙanwarsa ta zo ta tafi da shi ban buɗe baki ba, kuma wallahi har yau abin yana cina.