Sabuwar Salansa da Gawar Baba Sabo

Jama'a, yau na kai mutum kabari da ƙarar da ya tsana!

Da safe na cire salansar akori-kurata a ƙofar gida, nan Limawa, na ɗaura mai ruri irin ta 'yan tsere. Maƙwabcina Baba Sabo, mai hawan jini, ya leƙo: "Ɗan nan, kashe ni za ka yi?"

Na ce, "Baba, toshe kunnenka mana." Na ƙara taka totur!

Azahar sai ga koke-koke. Baba Sabo ya rasu! Kuma motata ce kaɗai a layin.

Aka ɗora makara a bayanta. Duk lallaɓawata, ruri take har maƙabarta. Muka rufe Baba. Sai ɗansa ya dube ni ya ce, "Taka son ranka, ai yanzu ba ya ji."