Ramukan tsohon Uhudu

Ni dai tun ranar farko ban yarda da tsohon nan ba. Mutumin Nijar ne, ya zo aikin hajji tun yana saurayi, bai koma ba. Wai shi ne zai tara samarinmu na Hausawan Madina duk Alhamis a wata matacciyar gona can wajen Uhudu, su rayar da ita yadda ake yi a gida. Haka kawai? Haba! Ni ban taɓa ganin wanda ya wahalar da kansa a banza ba.

Lokacin ina koyarwa a jami'a, babban ɗana yana da shekara goma sha biyar. A Madina aka haife shi. In na yi masa Hausa yana ji sarai, amma da Larabci zai amsa. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na gaji. Abin da ke cin raina shi ne ranar da zan kai shi Kano ya kasa gaida mahaifiyata, ga ta ta tsufa.

Sai ga yaron da ko kofin shayinsa ba ya ɗaukewa yana dawowa daga gonar hannu duk kanta, yana warin taki. Na ce wa uwarsa, "Wallahi tsohon nan leburori ya samu. Gonar na yin kyau zai kore su." Ta ce in je in gani, in daina cika mata kunne.

Na je. Samari wajen goma, kowa da fartanya. Ƙananan ramuka suke haƙawa, a zuba kashin awaki, a tara ƙasar ta gefen gangare don ruwa ya tsaya. Tassa ke nan, in ji tsohon, da ita kakanninsa suke farfaɗo da fako. Dokarsa ɗaya ce, ba a Larabci a cikin gonar.

Na ja shi gefe. "Baba, gonar nan ta wa ce?"

"Ta wani Balarabe ce. Aro ya ba ni."

"In ta rayu ya karɓe fa?"

"Zai karɓe mana. Gidaje zai gina."

"Au, ka ma sani? To wahalar me kake ba 'ya'yan mutane?"

Sai ya duƙa ya ci gaba da haƙa. Na ce a raina lallai akwai abin da yake ɓoyewa. Na juya a fusace zan kira ɗana mu tafi, sai na ji muryar yaron da Hausa zalla, da karin mutanen Nijar:

"Abba, ɗaga ƙafarka! Ka take mini zogale."

Na ɗaga, amma na riga na karya shi. Shekara da shekaru ina roƙon magana ɗaya daga bakin yaron nan, sai a gonar wani ta fito, da karin wani. Na ji daɗi, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Gonar dai an gine ta. Da muka je Kano ya durƙusa ya gaida kakarsa tsaf. Ta riƙe kansa, ta dube ni, ta ce, "Kai ka koya masa?"

Na ce a'a.