Hannun Da Na Kama A Kasuwar Layin Dogo

Jama'a, ni ba mai ba da irin wannan labari ba ne, asali ma dariya nake yi wa masu ba da shi, amma wannan wallahi a kaina ya faru shekara uku da suka wuce, kuma ba a mafarki ba, da rana tsaka, ina tsaye da ƙafafuna. Haifaffen Makka ne ni, a unguwar Nakkasa na tashi kafin a rushe layinmu mu koma Aziziyya, kakana ne ya zo daga Kano ya yi zamansa. Aikina kuwa, shekara goma sha tara ina tashar Kudai ina loda alhazai a bas, ni ne mai tsayawa a bakin ƙofa in ƙirga kawuna, in buga gefen mota in ce wa direba yalla, mu tafi. Ba a taɓa cewa na bar mutum a baya ba, kuma na san da haka, har abin ya hau mini kai.

Idon Babana ne ya kai mu Tailan. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, in ka tsaya gabansa inuwa kawai yake gani, sai aka ba mu labarin wani asibiti a Bankok, yayyena suka ce ni zan raka shi tunda ni ne na saba da jigilar tsofaffi. Likita ya duba shi ya ce sai bayan kwana biyar za a yi aiki. To ka san tsohon ɗan kasuwa, shekara arba'in yana sayar da tasbaha da darduma, kwana biyu a ɗakin otal sai ya fara mita, wai an kulle shi kamar kazar da za a yanka. Da ya ji wani Ba'omane, mutumin ƙasar Oman, a wajen karin kumallo yana zancen yawon kasuwannin gargajiya na yini guda, da mota da ɗan jagora, shi ke nan ya kafe.

Na ce, "Baba, me za ka gani? Mai ido ma me zai gani a kasuwar mutanen nan?"

Ya ce, "Kasuwa ai ba da ido kawai ake cin ta ba. Ina da kunne, ina da hanci. Biya mana kawai."

Na biya ina tsaki. Ni a lokacin, ku gafarce ni, gani nake wanda ya ga Aziziyya ana saura kwana uku Arfa ya gama ganin kasuwa a duniya, sauran duk wasan yara ne.

Mu goma sha biyu ne a ƙaramar bas, yawanci Larabawan Haliji, wato na yankin Tekun Fasha, da matansu. Ɗan jagoranmu wani siririn mutum ne Musulmi, ɗan kudancin ƙasar, sunansa Sulaimanu, yana wani Larabcin littafi mai wasali a ƙarshen kowace kalma kamar mai huɗuba, tun daga nan na raina shi. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana manna mana sitika ruwan ɗorawa a ƙirji mai lambar wayarsa, kamar kayan da za a auna a filin jirgi. Ni na ɓamɓare tawa na manna a bayan kujera. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutumin nan ba ya ƙirge. Duk inda aka tsaya za a koma mota, sai ya tsaya a ƙofa ya yi wa kowa sallama da sunansa, ya jira a amsa, sannan ya matsa a shiga. Mutum goma sha biyu kacal, sai ya ci minti biyar. Na ce masa ya ahi, ɗan'uwa, ni hamsin nake lodawa kafin ka gama gaisawa da uku, ya yi murmushi ya ce haka ya saba.

Kasuwar kan ruwa aka fara kai mu. Wani kwatami ne dai mai faɗi, ruwan kore shar, kwale-kwale na gogar juna, hayaƙin inji na shiga maƙogwaro, tsofaffin mata da malafa suna miƙo maka ayaba da kwakwa a bakin sanda. Turawa sai ɗaukar hoto suke kamar an nuna musu Aljanna. A kowace kusurwa kuma ga wani ɗan ƙaramin gida a kan ginshiƙi, an ajiye masa jan lemo da tsinken zuƙa a ciki, wai na masu wurin ne da ba a gani. Na ce wa Baba aljanun garin nan ma zaƙi suke so, na yi dariyata. Baba bai taya ni ba, shi yana can yana shinshina iska yana faɗa mini wannan citta ce, wannan busasshen kifi ne, waccan matar ta iya ciniki ko da ba ya jin yarenta.

Wajen ƙarfe sha ɗaya muka isa ta biyun, wadda ake ta zuzutawa, kasuwar da aka kafa a kan layin dogo. Gaskiya ne a kan layin take, tiren kifi da kayan miya har suna taɓa ƙarfen, rumfunan tamfal sun haɗe ta sama sun rufe rana, kai kuma a tsakiyar layin kake tafiya, ga ƙarni ga zafi. Sulaimanu ya tara mu ya ce jirgi zai shigo yanzu, zai tsaya a tasha kamar minti ashirin ya sake fitowa ta nan, mu shigowarsa kawai za mu kalla mu tafi. Ya ce kowa ya tsaya bayan jan layi, kuma kowa ya riƙe nasa. Har ya dube ni ya maimaita, wai in riƙe Alhaji da kyau. Ni za a koya wa riƙon tsoho.

Aka yi wata ƙara, kafin ka ce me masu kaya sun janye rumfunansu, sun ja tirensu baya, mutane suka matsu a gefe kamar ana jifan Shaiɗan. Jirgin ya taho a hankali, cikinsa na wucewa ta saman kwandunan tumatir. A nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na saki hannun Baba na ciro waya, ba don abin ya burge ni ba, sai don in tura wa abokan aikina na Kudai mu yi dariyar mutanen da suka rasa wurin kasa kaya sai ƙarƙashin jirgi. Bai fi minti biyu ba. Jirgi ya wuce, rumfuna suka faɗo suka sake rufe sama, wuri ya yi duhu-duhu, na miƙa hannu baya ba tare da na waiwaya ba, hannu ya shigo cikin nawa.

Na ja shi muka bi ayari zuwa mota. Na waiga sau ɗaya ko biyu, ga farar jallabiyarsa, ga hularsa, ga baƙin tabarau da likita ya ba shi. Hannun dai da sanyi, kamar wanda ya riƙe ƙanƙara, na ce a raina ko jikin tiren kifi ya dafa. Na yi masa magana, na ce ka ji kasuwar taka ko, ƙarni ya ishe ka, bai tanka ba, na ɗauka fushi yake don na yi ta kushe masa yawo tun safe.

A ƙofar mota Sulaimanu na tsaye yana sallamarsa ta fama. Na amsa tawa a gurguje na ratsa ta gefensa na shigar da Baba, na zaunar da shi a kujerar baya jikin taga, na ba shi gorar ruwa, na dawo gaba kusa da ƙofa inda na saba zama. Kowa ya shiga, amma mutumin nan ya ƙi hawa. Ya leƙo ya ce mini, "Ya ustaz, ina Alhaji?"

Na ce, "Ga shi can baya."

Ya duba bayan, ya dawo da ido kaina, ya ce, "Goma sha ɗaya ne suka amsa mini sallama. Alhaji bai zo ba."

Raina ya ɓaci. Na miƙe na ƙirga da yatsa da ƙarfi yadda kowa zai ji, wahid, itnen, talata, har sha biyu, da Baba a cikon na ƙarshe yana zaune ya sunkuyar da kai. Na ce masa wannan sana'ata ce tun kana makaranta, mota ta cika, halas, magana ta ƙare. Larabawan nan zafi ya dame su, suka hau shi da faɗa, yalla yalla, mutum ya ce ubansa na ciki kai mene ne naka. Sulaimanu ya hau, fuskarsa ba daɗi, direba ya ja.

Mun yi tafiyar da ba ta kai rabin awa ba wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi magana da yarensu da sauri, sai na ga ya dafa kafaɗar direba, mota ta gangara gefen titi. Ya miƙo mini wayar. Na kara a kunne, sai na ji numfashi sama-sama, sannan muryar da na sani tun ina cikin zanin goyo ta ce, "Kai ne? Ina ka shiga ka bar ni?"

Na juya baya. Kujerar jikin taga ba kowa, gorar ruwan na tsaye a kanta ba a buɗe ba. Motar nan ƙofarta ɗaya ce, kuma ni ne a bakinta tun da muka tashi. Na tambayi Ba'omanen da ke kujerar kusa ina tsohon da ke nan, ya ce wane tsoho, ai shi ya ga na ajiye gora a kujera ina magana ni kaɗai, ya ɗauka addu'a nake. Na ce to da na ƙirga sha biyu fa? Ya ce shi bai duba ba, so yake a tafi. Haka sauran ma suka ce, kowannensu ya kawar da kai, mutanen da ɗazu suka fi ni ɗaga murya.

Ban san yadda muka koma kasuwar ba. Muka sami Baba a rumfar wata mai busasshen kifi, ƙatuwar mace, ta zaunar da shi a kan bokiti tana yi masa fifita da kwali, gefen jallabiyarsa ya yage, gwiwarsa ta kuje, takalminsa ɗaya. Ita ce ta ga lambar da ke ƙirjinsa ta kira. Sulaimanu ya fassara mini abin da ta ce. Wai an yi ƙarar fitowar jirgi, kowa ya janye kayansa, sai ta hango tsoho can gaba inda rumfuna suka ƙare, zaune dirshan a tsakiyar layi ya harɗe ƙafa, ana ta yi masa ihu bai motsa ba. Ta watsar da tirenta ta ruga ta finciko shi, ɗayan takalmin nasa jirgi ya bi ta kai.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, me ya kai ka can? Da ka ji ba na nan ai sai ka tsaya inda kake."

Ya ce, "Ba ka nan kamar yaya? Kai ka ja ni."

Na ce ni ban ja shi ko'ina ba.

Ya ce, "Jirgi na wucewa ka kama hannuna, muka yi ta tafiya, ka ce Baba zauna nan ka huta, kada ka tashi ko wa ya kira ka, 'yan damfara ne, sai na dawo. Da Hausa ka faɗa mini. A garin nan wa ke jin Hausa in ba kai ba? Na ji ana ihu, na ji ƙasa na girgiza, na ce ɗana ya ce kada in tashi."

Na ce wataƙila wani ne mai irin muryata. Ya girgiza kai ya ce murya ana iya kwaikwayo, amma hannun ɗan da ya goya ai ba zai ɓace masa ba, har da karyayyen ɗan yatsan da ƙofar bas ta datse mini. Na dubi Sulaimanu ko zai ce wani abu, ko da "ai na faɗa maka" ne, wallahi da ya faɗa da na ji sauƙi. Bai faɗa ba. Ya cire takalminsa ya sa wa Baba, ya taka ƙasa da safa har mota.

An yi aikin ido, ɗaya ya ɗan buɗe, ɗayan bai yi ba, muka dawo Makka. Na tambayi malamai biyu, kowa da abin da ya ce, ban kuma gamsu ba, har yau ban san wa na zaunar a kujerar nan ba, ban san wa ya zaunar da ubana a kan layi ba. Abin da zan ce muku kawai, in kun je garin mutane kuka ga suna wani abu da kuka ɗauka shirme ne, ku riƙe bakinku, in ɗan gari ya ce akwai matsala ku sauka ku duba ko da idonku ya ce babu, kuma tsohon da aka ba ku amana kada ku sake shi don waya.

Baba bai taɓa yi mini gori ba, bai kuma faɗa wa yayyena ba. Amma daga ranar, duk lokacin da na zo zan kai shi masallaci na miƙa hannu, sai ya noƙe nasa a cikin riga ya ce, "Yi bisimilla in ji." Sai na yi sannan ya ba ni. Yayyena ba ya tambayar su, jikokinsa ba ya tambayar su, ni kaɗai. Bara da ciwon ajali ya kwantar da shi, ranar ƙarshe ya daina gane mutane, na zauna a bakin gado na kai hannu zan riƙe nasa, sai na ji ya janye a hankali, leɓensa na motsi. Na sunkuya na kai kunne, sai na ji "yi bisimilla in ji" yake cewa. Na yi bisimillar ina kuka, na sake yi da ƙarfi a kunnensa, amma a lokacin ya riga ya daina ji, haka ya cika da hannunsa a cikin riga.