Haruna, Barden da Aka Ɗauka Don Ya Faɗi

Shekara goma ke nan da rasuwar Haruna, kuma a makon jiya na sake bin hanyar arewacin Jidda, wajen bakin teku, ina neman inda Ƙal'a take a da. Ban same ta ba. A wancan lokacin in ka wuce gidajen ƙarshe fili ne fetal, sai ka hango ganuwa da hasumiya huɗu, duk na katako da filasta, an yi musu fenti kamar dutse. Yanzu zauren biki ne a wurin, gilashi tun daga ƙasa har sama. Na fita daga mota, na koma, na sake fita. Mai gadi ya tambaye ni ko ɗaurin aure na zo. Na ce masa a'a, na ja mota na tafi, ban san ina na nufa ba.

Ga wanda bai san Ƙal'a ba, gidan cin abinci ne na masu yawon buɗe ido. Ana zama a kan benci zagaye da filin yashi, a ɗora wa kowa kambin takarda a ka, a kawo kaza da miya, babu cokali, wai haka Turawan zamanin da suke ci. A tsakiyar fili kuma barade sanye da sulke suna sukuwa riƙe da mashi, kowa na neman kayar da ɗan'uwansa. Aikin tafinta a kamfanin jiragen ruwa ya yawata da ni ƙasashe, na ga irinsa a Sifen, na gani a Amurka. Ko'ina abu ɗaya ke ba ni dariya: mutum ya biya kuɗi mai tsoka don a bar shi ya ci da hannu, abin da muke yi kyauta tun muna yara. Ta Jidda ta bambanta da 'yan abubuwa. Ruwan tuffa ake zubawa a kofunan katako, an zana dabino a jikin garkuwa, akwai ɓangaren iyali da na maza, kuma ba a fara wasa sai an idar da Magariba.

Haruna a cikin dawakin folo ya tashi a Kaduna, mahaifinsa mai kula da su ne. Ya zo aikin Hajji a ƙarshen shekarun saba'in, bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka rayuwarsa duka ta raɓe-raɓe ce. A unguwar Ammariyya muka haɗu, wajen wani mai shayi, ya ji ina fassara wa wani Bahindiye takarda, ya laƙaba mini Malam Tafinta, sunan ya bi ni har yau. Ya auri Rabi, suka zauna a unguwar Sharafiyya, suka haifi 'yarsu ɗaya, Salma.

Da aka buɗe Ƙal'a an kawo mahaya daga Turai, haka ma aka rubuta a allon talla. Zafin Jidda a cikin sulke ya kori rabinsu kafin shekara ta zagayo. Manaja ya shiga neman wanda zai iya faɗowa daga doki mai gudu sau shida a mako ya kuma tashi lafiya, aka nuna masa Haruna. Tsarin wasan kuwa shi ne, barden da ya yi nasara zai cire kwalkwali ya zagaya yana gaida masu kallo. Wanda aka kayar, mutum biyu ke ɗaukarsa su fita da shi, fuskarsa a rufe. Haruna ya zama Baƙin Barde, wanda ake kayarwa kullum. Mota ta ɗauke shi a ƙofar gida ta mayar da shi ƙofar gida. Mutumin da ba ya iya tsayawa a bakin titi ya sayi burodi hankali kwance, sai ga shi kowane yamma a gaban ɗaruruwan jama'a, har da manyan ma'aikata a teburin gaba, ba wanda ya san kalar fatarsa. Muddin yana faɗuwa, yana tare da iyalinsa.

Nakan tsokane shi. Na ce masa na ga barade a ƙasa uku, ban taɓa ganin wanda ya iya doki kamarsa ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya sha ƙasa kamarsa ba. Ya ce ni da nake da harshe biyar, da wanne a ciki na taɓa faɗin maganar kaina? Mukan yi dariya. Amma doka ɗaya ya kafa, bai yi wasa da ita ba: kada wani nasa ya je kallo. Rabi ba ta taɓa zuwa ba, Salma ma haka.

Ni na karya dokar.

Mahaifiyarsa, Inna, ta zo Umra, bayan kusan shekara ashirin ba ta sa shi a ido ba. Ina cikin ɗakin lokacin da ta iso. Haruna ya durƙusa yana gaishe ta, ita kuwa bango take kallo, ta tambayi lafiyar Rabi, ta jawo Salma jikinta, ta tambaye ni iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Daga baya ta ja ni gefe ta tambaye ni wace sana'a wancan yake yi, don ya ce mata yana share wa dawaki wuri. Sai raina ya sosu. Na san kafin ya faɗi, Haruna kan yi minti goma yana abin da ba mahayin da ke iyawa a filin nan, jama'a na ihu har katakon ganuwa na rawa. Na ce a raina bari ta gani sau ɗaya. Na yi lissafi irin na wanda ya ɗauka ya san mutanensa: ko ta gane shi, kunyar ɗan fari za ta zaunar da ita. Na ce mata wasa za mu je kallo, ban ce yana ciki ba. Na bar wannan sai mun fito.

Muka zauna a ɓangaren iyali tare da matata. Inna ta ƙi sa kambin takarda, ta riƙe shi a cinya. Da Baƙin Barde ya shigo a kan akawal, sai ta daina taɓa kazar. Daga baya ta ce mini yadda ya saki ƙafar hagu a likkafa ne ya sa ta gane shi, haka mahaifinsa yake yi. Aka yi karo na farko, na biyu. A na uku mashin abokin karonsa, Farin Barde, ya tarwatse a garkuwarsa, kamar yadda aka tsara, Haruna ya yi sama ya faɗo ta baya, ya kwanta bai motsa ba, kamar yadda aka tsara.

Ban ga tashinta ba. Tsohuwar da sai an riƙe ta take hawa matakala, sai ga ta a cikin yashi, mayafi na jan ƙasa.

"Haruna! Haruna na!"

Ta riga masu ɗaukarsa isa. Ta durƙusa, ta laluba igiyar kwalkwalin, ta cire, ta ɗora kansa a cinyarta tana shafa fuskarsa. Fitilu duka a kansu. Masu kallo suka ɗauka cikin wasan ne, suka miƙe suna tafi. Ni ina tsaye da ƙashin kaza a hannu.

Ba a yi masa faɗa ba. Manaja ya kira shi bayan an watse, ya ce teburin gaba sun gani, mai wurin ya gani, allon talla ya ce Turai. Ya ce halas, wato an gama. Haruna ya koma dako a rumbunan kaya kusa da Tashar Jiragen Ruwa, inda ba kwalkwali, ba motar ƙofar gida. Bai cika wata uku ba aka zo binciken takardu, aka tafi da shi, aka sa shi a jirgi. Rabi da Salma suka rage a Sharafiyya. Ya nemi hanyar dawowa sau biyu, ba ta yiwu ba. Bayan shekara huɗu ciwon ƙirji ya ɗauke shi a Kaduna, a ɗakin Inna.

Na kira shi a waya makonni kaɗan bayan an mayar da shi. Na shirya jawabi, ni da sana'ata magana, amma na kasa haɗa jimla. Ya bar ni na yi ta kame-kame, sannan ya ce:

"Malam Tafinta, bari kawai. Shekara arba'in da biyar ina duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Kai ka san nawa zan biya don wannan?"

Na sha juya maganar nan. Wani lokaci na ce yafiya ce. Wani lokaci na ce halinsa ne kawai, mutumin da ya ƙware wajen faɗuwa ta yadda mai kallo ba zai ji komai ba. Ban san wanne ba ne, shi ya sa duk shekara in lokacin ya zagayo nake kasa zama wuri ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Jiddar yau. Kowa da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, abin da ya faru a filin nan da kafin a share yashi ya zagaye gari. Yanzu yatsa ake dangwalawa a filin jirgi, wanda aka fitar ya fita ke nan. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ya ce ya yi sa'a, ya zo lokacin da ƙarfe kan iya ɓoye mutum. Zai kuma so ganin Salma. Ta yi aure, tana da 'ya'ya biyu, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. A watan jiya ta tambaye ni, tana kirana baffa da Larabci, "Ammu, da gaske Baba ya iya doki?" Na buɗe baki zan kwatanta mata, sai na tuna ni na gani, kakarta ta gani, baƙi dubbai sun gani ba su san shi ba ne, ita kuwa dokarsa ta bi, ta zauna a gida. Na ce mata ya iya.

Abin da ya rage na Haruna ba yawa: wannan 'yar, da jikan da aka sa wa sunansa, wanda Salma ke kira da baki cike sau ɗari a rana, ba ruwanta da kunyar ɗan fari. Ƙal'a ta rushe, Inna ta bi ɗanta, ni na tsufa. Kafin wancan yammacin na Ƙal'a Salma na da uba a gida. Ba a cika wata uku bayansa ba ta rasa shi, kuma ni na sayi tikitin.