Jar Golf da Tudun Titi

A hanyar Mafoni na hange shi, dattijo mai furfura, sanye da safar hannu ta fata a wannan zafi na Maiduguri. An sauke jar motarsa Golf har cikinta na neman shafar kwalta, salansarta na ruri kamar za ta tashi sama. Sai ga tudun rage gudu a gabanta.

Ya fito, ya durƙusa yana auna tudun da tafin hannu, keke napep na ta wuce shi.

"Maman Ketura, ki ɗan sauka a rage nauyi."

Matarsa ta fito da kwandon kifi, ko kallonsa ba ta yi ba. Da gani ba yau aka fara ba. Ina jin tun yana saurayi yake mafarkin tsere, motar ba ta samu ba sai bayan ritaya, lokacin da gari ya cika da tudu.

Ya haye a karkace, yana cije leɓe, ya waiwayo da murna don ta shaida. Ita kuwa tuni ta tare keke.

"Baban Ketura, in ka iso ka ɗumama abincinka."